Marjorie, Kin Kira Ban Ɗauka Ba

Da hantsin Talata, huɗu ga watan Maris, 'yarki Renee ta bugo mini waya, ta ce zuciyarki ta tsaya kina cikin wanke-wanke. Shi ke nan, Marjorie Tolbert. Kin tafi muna gaba da juna, kuma ni ce mai laifi.

Shekara goma sha tara kina aikin sa-kai kowace Asabar a ƙofar asibitin da ake cire ciki a nan garinmu da ke jihar Illinois, kina raka mata daga mota zuwa ƙofa ta tsakiyar masu zanga-zanga, da ƙatuwar lema kina kare musu fuska daga masu ɗaukar hoto. Ranar da na fara aikin tare da ke, doka ɗaya kika ba ni: "Yolanda, ba a tanka musu, ko uwarki suka zaga. Ki yi ta yi wa matar surutu, ta ji muryarki kawai." Ke kam surutunki na tumatirin bayan gidanki ne. Taku arba'in ne daga mota zuwa ƙofa, kullum tumatir! Na ga mace ta fito mota tana makyarkyata, ta isa ƙofa tana tambayarki wane taki kike zubawa.

Da tsoho Walt, mai yi mana ihu da lasifika, ya zame a kan ƙanƙara, ke kika tallafe kansa har motar asibiti ta zo. Da ya warke ya dawo da ihunsa, kika ce, "To madalla, huhu dai lafiya lau."

A watan Janairu na karya dokar. Wani ya kira matar da nake rakawa mai kisan kai, alhali ɗan cikinta ya riga ya mutu, wankin ciki za a yi mata. Na saki hannunta na juya na zazzaga masa masifa. Kafin in waiwayo ta tsorata, ta koma mota ta tafi. Har yau ba mu san inda ta ƙare ba. A gaban kowa kika ce, "Cire rigar aikin nan, 'yar nan. Yau kanki kika raka, ba ita ba."

Gaskiya kika faɗa, shi ya sa ta yi mini zafi. Mako bakwai ban taka wurin ba. Sau uku kina kira ina kallon wayar tana ruri, wai ni mai zuciya, ina cewa sai na huce. Kaico! Wallahi baƙin cikin nan ya hana ni cin abinci.

Allah ya jiƙan ki, ya gafarta miki, ya rufa miki asiri kamar yadda kika rufa wa bayinsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki Curtis, da Renee, da jikokinki biyu. Allah ya ba ku haƙurin rashi. Renee ta ce in tsaya a layin dangi ranar jana'iza, wai haka za ki so. Zan tsaya, amma ban cancanta ba. Ki yafe mini, Marjorie.