Gorubar Bahaguwa

A zamaninmu, idan aka ce za a je gasar ƙwallon hannu ta kulob-kulob ɗin mata na Afirka, a doguwar mota muke kwana muna ƙetare iyakoki, mu sauka da kumburarrun ƙafafu, mu shiga filin siminti cikin rana. Kofin a lokacin yawo yake yi: bana Kwaddebuwa, baɗi Kwango, wani lokacin ya kwana a Najeriya. Daga baya 'yan Angola suka karɓe shi suka riƙe kamar gadon gidansu. Yanzu a ɗaki mai sanyi ake wasan, ni kuwa a waya nake kallo ni kaɗai, babu wadda zan zungura in ce, "Kin ga wannan jifa?" Abokan wasana wasu sun rasu, wasu sun ɓace mini. Ɗaya ce na ji labarin tana Kebbe, ita na je nema.

Mun tashi da asuba daga Sakkwato, ɗan ƙanena ke tuƙi. Damina ta yi kyau, gero ya sunkuyar da kai hagu da dama. A Dogon Daji muka tsaya karin kumallo. Na ci ƙosai a Kwatano, na ci a Yawunde, kowa da sunan da yake kiransa, amma babu inda ake zuba masa yaji da zuciya ɗaya kamar nan. Tsadarsa ce kawai ta kamo ta birni, girmansa kuwa ya koma na ƙwan zabuwa.

A Tambuwal na sa aka rage gudu gefen wata makarantar 'yan mata. Ƙarafan ragar ƙwallon hannu suna nan tsaye a fili, sun yi tsatsa, an shanya musu wanki. Ni gola ce a ƙungiyarmu, rabin ƙuruciyata tsakanin irin ƙarafan nan na yi shi. Na daɗe ina kallo. Masu babura a tasha suka nuna mana hanyar Kebbe, suka ƙara da shawarar mu fito kafin la'asar, don hanyar ba ta son yamma. Kwalta ta bi mu wani wuri, ta gaji, ta bar mu da ramuka da garken shanu.

A hanya na ba ɗan ƙanena labarinta. Da hagu aka haife ta, ta sha ranƙwashi a kan kwanon tuwo har ta koyi ɓoye hannun a zani. Ranar da kocinmu ya ga ta jefi mangwaro da shi, sai ya ajiye ta a gefen dama na fili, inda mai hagu ke ganin raga a buɗe. Hannun da ake tsawatarwa a gida shi ya kai mu ƙasashe. A Kwatano 'yan kallo da Faransanci suke rera sunanta, ma'anarsa dai sunan da muke kiranta da shi: Bahaguwa. Duk shekarun da muka yi muna atisaye, ban taɓa tare jifarta ba.

Mun same ta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa da matan 'ya'yanta, jikoki na kai da kawowa. Daga zaure na ɗaga murya, "Bahaguwa!"

Ta ɗago, ta dube ni, idonta ya cika. Amma abin da ta ce shi ne, "Lale da Hajiya. Ku kawo tabarma, wagga abokiyar makaranta ce."

Da dama ta gaishe ni, da dama ta dama fura, da dama ta miƙo ludayi. Hagun yana kan cinya kamar baƙon da ba a yi wa magana. Furar kuwa ta sha nono mai kauri, irin wanda a birni sai dai labari. Na ɗauko zancen Kwatano, ta mayar da shi kan tsadar taki. Na ambaci kocinmu, ta tambayi ciwon gwiwata. Sai da muka shiga ɗaki yin azahar na same ta ita kaɗai.

"Ba su sani ba," in ji ta. "Mi za ni ce musu? Kakarsu ta yi tsalle da gajeren wando gaban maza a ƙasar Faransanci? Nan ni ka raba gardama, ni ka wankan jarirai. Bar ni da girmana."

Na ce, "Ba su na zo wa ba. Ke nake so ki tuna. In kin ce ba a yi ba, wa zai ce an yi?"

Ta gyara sallaya. "Na mance, Hajiya. Hannun ma ya mance."

Na iya harsuna da dama, amma a ɗakin nan na rasa wanda zan roƙe ta da shi.

Rana ta karkata, ɗan ƙanena ya fara duban sama. Aka cika mana but ɗin mota da gyaɗa da busasshen kifi. Ta rako mu ƙofar gida, jikoki biye da ita, ɗaya yana gwaguyar goruba. Muka yi sallama irin ta mutanen da ba su da tabbacin sake haɗuwa. Na shiga baya, na sauke gilashi. Mota ta ja har ta kusa kwanar masallaci.

"Ke, Gola!"

Na waiga. Ta fizge gorubar daga hannun yaron, ta taka ɗaya, biyu, kafaɗa ta buɗe, mayafi ya zame. Hannuna ya tashi da kansa, amma ya makara. Gorubar ta shigo ta taga, ta wuce gefen kunnena, ta daki kujera.

"Har yau ba ki iya tarewa!" ta yi ihu, tana dariya har da riƙe ƙugu. Jikokin sun saki baki suna kallon hannun hagunta. Na ji ɗaya na cewa, "Inna, ina kinka koyi wanga?" Kwana ta raba mu ban ji amsarta ba.

Mun wuce Tambuwal da sauran rana, muka shiga Sakkwato ana kiran magariba. Gorubar tana kan teburina, da shatin haƙoran yaro a jikinta. Na tafi neman wadda za ta zauna mu yi hirar zamaninmu, ban samu ba, kuma na fahimci ba zan samu ba. Motocin nan, da filayen siminti, da 'yan matan da muke a lokacin, sun wuce ba za su dawo ba. Amma an yi, ta kuma sani an yi. Jikokinta ma yanzu sun ga abin da hannun nan ya iya, ba zai sake ɓoyuwa a zani ba.