Farcen Baba Sidi

Duk wanda ya taɓa miƙa wa Baba takarda a garin Agadas ya san abin da zai biyo baya. Ba zai karanta ba tukuna. Sai ya ɗora ta a cinya, ya sa farcen babban yatsansa na dama, dogon nan mai kauri kamar cokalin shayi, ya karci rubutun. In baƙi ya biyo farce sai ya ce, "Wannan ba bugu ba ne, kwalli ne." Katin ɗaurin aurena ma bai tsira ba, alhali shi ya buga abinsa!

Ku da kuka zo sadakar nan kun san madaba'arsa ta bayan kasuwa. Aikin da ya fi wahalar da shi shi ne littattafan resi, wato rasit, na takarda mai kwafin kanta, wadda in ka rubuta a ta sama sai ya fito a ta ƙasa ba karbon. Tun da ya sayi sabon mashin mai aiki da tonar, garin tawadar nan da zafi ke liƙawa, suka sa ƙafar wando ɗaya da takardar. Santsi gare ta, garin ba ya son zama. Ni kuwa ƴarsa Rakiya, tun da na gama karatun lakkol nake shagon, amma bai taɓa bari na buga ta ni kaɗai ba. Ya rantse ba zai yanke farcen nan ba sai ya sami wanda zai bar wa mashin, in bai samu ba ya sayar ya rufe ƙofa. Maganar nan ta daɗe tana ci mini rai, don ba ni da wata sana'a, ba na kuma son wata.

Limamin unguwarmu ya sha yi masa nasiha. Ran nan bayan sallah ya ce, "Malam Sidi, musulmi ba ya tara farce haka." Baba ya tashi ya nufi takardar lokutan sallah da aka bugo daga wani gari aka manna a bango, ya ja farce sau ɗaya, ya dawo ya miƙa yatsa. "Allah ya gafarta Malam, ga Azahar ɗinka nan, ta baro bango." Liman kansa sai da ya rufe baki da rawani.

Sai kuma batun hutun takarda. Baba ya ce takardar da ta sauka daga Yamai ta sha iskar kogi, in ba ta saba da bushewar Agadas ba, lanƙwashewa za ta yi, tonar ya ƙi kama ta. Don haka sai ya jera kwalaye a kusurwa, ya lulluɓe su da bargon Inna. Wani mai kamiyo, babbar motar kaya, ya zo da gaggawa yana son resi.

"Baƙuwa ce, ba ta huta ba," in ji Baba.

"Haba Malam! Takarda ce ko amarya?"

"Amarya kwana bakwai ake ba ta. Ni biyu na roƙa, kana ɗaga mini murya?"

Mutumin ya fita yana ƙunƙuni, jibi ya dawo. Inna kuwa ta kwana cikin sanyi tana tsine wa takarda.

Ga shi da maƙo, ba ya zubar da wadda ta lalace. Maƙwabciyarmu mai ƙosai yake ba, ta yi ƙunshi da ita. Wata safiya sai ga ta a fusace da ƙosai a hannu. "Malam Sidi, dubi abin da ka ja mini! Mutane sun ce rubutu nake ba su su ci!" Muka duba, wallahi ga lambar resi raɗau a jikin ƙosai. Na zaci zai ba ta haƙuri. Ina! Sai ya daka tsalle. "Uwata, kin gani?" Haka yake kirana, sunan mahaifiyarsa gare ni. "A ƙosai ya kama! Zafi ne bai isa ba!" Ya ruga ya ƙure zafin mashin. Takardun suka fito duk sun yi shuɗi kamar goshin wanda ya naɗa sabon turkuɗi, don maganin kwafin da ke bayansu ya fashe. Ranar ya gane tsaka-tsaki take so. Ƙosan kuma ya cinye shi, ya ce ba a ɓarnar abinci.

Da ciwo ya kwantar da shi, sai ga aiki daga matan Tegidda masu gishiri. Littafinsu rana zai sha, hannu mai damshi zai riƙe shi. Ban tambayi kowa ba. Na bar takarda ta huta, na karkaɗe ta, na daidaita zafi, na rage wa mashin gudu. Na kai masa ɗaya a gado.

Ya karce, bai fita ba. Ya ninke ya sake karcewa. Ya sa aka kawo gishiri, ya jiƙa yatsa ya goga.

"Wa ya buga?"

"Ni ce, Baba."

"Ta huta?"

"Ta huta."

"A bargon wa?"

"Na Inna."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa sai ya miƙo mini hannu. "Uwata, ɗauko reza." Ina yankewa ina kuka, yana cewa in yi a hankali kada in haɗa da yatsa. Da la'asar Liman ya zo dubiya, ya ga hannun, ya ce, "Alhamdu lillahi, nasiha ta shiga." Baba ya ce, "Ba taka ba ce, Malam."

Bai ƙara mako ba. To ga nawa farcen nan kuna gani, ya fara tsawo, Malam Liman sai haƙuri.

Allah ya ji ƙan Baba, ya haskaka makwancinsa. Bai taɓa barin aikin da zai goge ya fita daga hannunsa ba. Ya Allah ka goge masa kurakuransa, ka tabbatar masa da ladansa. Amin.