Inda Sunan Tanko Yake Ɓacewa

A duk ranakun aikina, ban taɓa mantawa da ranar da sunan wani mamaci ya ƙi fitowa daga sifikokinmu ba. Ina ba ku labarin ne, ku da kuka shigo bana, don na ji kuna tambayar dalilin da ya sa aka kafa soket kusa da bencin baƙi, aka kuma hana kowa jona waya a teburin aiki.

A daminar da na fara aiki ne, ban daɗe da gama kwalejin fasaha ta nan Ƙaura ba. Mu uku ne a ɗakin ɗaukar sauti a lokacin. Malam Sanusi shi ne manaja, shi ke karɓar aiki, shi ke sallamar masu shi. Yaya Bello, mutumin Shinkafi, shi ne mai tace sauti, mutum mai shiru wanda zai iya wuni a kan baiti ɗaya. Ni kuma mataimakiya ce, aikina kula da kebura da makirufo da batiran sola.

Tsarin aikinmu bai canza ba har yau. A ɗauka, a tace, sannan a kira mai aikin ya zauna ya saurara. Wannan zaman muke kira sauraron amincewa, kuma babu abin da ke fita daga ɗakin, ko a memori ko a waya, sai mai aikin ya ce ya gamsu. Ba ta sifikar kwamfuta muke saurare ba. Kwamfuta lambobi kawai ta sani, sai ta tura su ta kebul zuwa wani ƙaramin akwatin sauti, wanda Yaya Bello ke ce wa sankad, shi kuma ya mayar da su murya ya miƙa wa manyan sifikoki. Ni nakan ɗauke shi kamar tafinta ne tsakanin mutum biyu da ba sa jin harshen juna. Kwamfutarmu ta lokacin baki ɗaya ne ya rage mata mai aiki, don haka muka sa mata mahaɗi mai bakuna da yawa. A nan akwatin ke jone. A nan kuma baƙi ke jona wayoyinsu, domin kun san garin nan da wuta: bayan gaisuwa da ruwan sha, magana ta gaba ita ce, "Ɗan sa min caji." Babu mai iya hana baƙo.

Aikin na Alhaji Mudi ne, dillalin hatsi daga Shinkafi. Ya ɗauko Baba Iro, wani tsohon makaɗin noma daga ƙauyen su Alhaji na asali a yankin Zurmi, don a ɗauki waƙar da ya daɗe yana yi wa manoman unguwarsu a wurin gayya, tun ana raye har aka fara rasuwa. Irin wannan waƙa jerin sunaye ce. Kowane manomi da baitinsa, kuma tsallake sunan mutum cin fuska ne da iyalinsa ba sa mantawa. Abin da Alhaji ke so shi ne baitin mahaifinsa, marigayi Tanko.

Ranar sauraron amincewa ya zo da hantsi, ya miƙo min wayarsa na jona masa, ya zauna a kujerar da ke gefen tebur. Yaya Bello ya kunna. Ganga ta cika ɗakin, muryar Baba Iro ta hau kanta, tsohuwar murya mai ɗan tsagewa kamar ƙasar da ke jiran ruwa. Sunaye suna ta wucewa. Da aka zo kusa da baitin, na ji Baba Iro ya ja numfashi ya ce, "Ina mijin Hurera," sai sifikokin suka yi ƙas, suka ɗauke. Kafin sautin ya dawo, sunan ya riga ya wuce.

Alhaji ya miƙe tsaye. "Mi na ji haka? Ina sunan tsohona yat tahi?"

Malam Sanusi ya ce, "Alhaji, a yi haƙuri, na'ura ce. Bari a maimaita."

"Na'ura? Na'ura ta bar sunan kowa, sai na Tanko ta sani?" Ya juya ya kalli Yaya Bello da kyau, kamar sai lokacin ya gan shi. "Wanga yaro ba jikan Garba Dogo ba na?"

Ni ban san komai ba sai daga baya: tsakanin gidan Tanko da gidan Garba Dogo akwai rigimar iyakar gona da 'ya'yansu suka fara bayan tsofaffin sun kwanta dama, har ta kai ba sa zuwa bikin sunan juna. Alhaji ya zare wayarsa ya fita, ko sallama bai yi ba.

Bayan fitarsa Malam Sanusi ya zauna da kansa ya kunna waƙar. Sunan ya fito lafiya lau. Ya sake, ya sake, babu ko ƙas. Sai ya yi ta ba Alhaji haƙuri a waya har ya yarda ya dawo ranar kasuwa, duk da hanyar Shinkafi ba kullum ake binta da kwanciyar rai ba. Ya zo, aka jona masa waya, aka kunna. A daidai wurin nan, a kan sunan Tanko, sautin ya sake ɗaukewa.

Daga wannan rana zargi ya zauna mana a ɗaki kamar mutum na huɗu. Alhaji ya ce Yaya Bello yana danna wani abu a ɓoye idan an zo wurin. Ya kuma turo wa Malam Sanusi bidiyon da ya ɗauka da wayarsa a matsayin shaida, ya ce ya riga ya tura wa 'yan uwansa su ji abin da gidan Garba Dogo suka yi. Malam Sanusi, wanda da farko ya ɗora laifin a kan wanda ya sayar mana da akwatin, ya fara kallon hannun Yaya Bello a duk lokacin da ya taɓa kwamfuta. Shi kuma Yaya Bello ya ce min a hankali, "Nusaiba, anya ba shirya wannan aka yi don a raba ni da aikina ba?" Har Baba Iro ya aiko a tambaya ko gaskiya ne ana yanka muryarsa ana sayarwa gunduwa-gunduwa.

Malam Sanusi ya kira mu ya ce, "Bello, ka zauna a gida tukuna. Alhaji zai dawo sau ɗaya tak, kuma Nusaiba ce za ta zauna a kwamfuta. In sunan ya fita a hannunta, to ka san ma'anar hakan. Ba zan iya riƙe mutumin da ake cewa yana yanke sunan iyayen mutane ba."

Kun ga inda aka ajiye ni. In waƙar ta tafi daidai a hannuna, na tabbatar da laifi a kan mutumin da ya koya min riƙe makirufo. In ta ɗauke, mun rasa Alhaji da duk mutanen Shinkafi da ke bayansa. Mafita ɗaya ce, in gano abin da ke ɗauke sautin, in kuma iya nuna shi a gaban mutane.

Na bi matakan da aka koya mana. Na fara da waƙar kanta: na buɗe zanen sautin a allo, na ja shi har wurin baitin, na ga tudunsa da kwarinsa a cike, babu gurbi. Na saurara da abin kunne kai tsaye daga kwamfuta, ba ta akwatin ba, sunan yana nan. Ke nan matsalar tana tsakanin kwamfuta da sifika. Na canza kebul. Na duba ko kwamfuta da akwatin sun daidaita a kan saurin da suke ƙirga sauti, na tarar sun daidaita. Na ƙara girman ɗan rumbun da kwamfuta ke tara sauti a ciki kafin ta tura, don in ta ɗan shagala kada akwatin ya rasa abin faɗa. Na cire manhajar da ke tuƙa akwatin na sake sa ta. Na hana kwamfuta rage wa bakinta wuta idan tana kan batir. Na gwada a kan sola, na gwada a kan janareta, na gwada ana ruwa, na gwada injin niƙan maƙwabtanmu yana aiki. Wahalar ita ce, ba za ka iya gyara abin da ya ƙi lalacewa a gabanka ba. Na ji sunan Tanko har ya zama ina raira shi a keke napep a hanyar gida.

Ana gobe Alhaji zai zo, bayan azahar, ina zaune ina saurare, Malam Sanusi ya shigo ya jona wayarsa a mahaɗin ya koma yana duba taga. Waƙa na tafiya, babu abin da ya faru. Can ya dawo ya ɗauki wayar, kebul na jikinta, ya buɗe ta zai nemi wata lamba. Sifikokin suka yi ƙas, suka ɗauke, suka dawo. A kusurwar allo wani ɗan saƙo ya leƙo, kwamfuta na cewa ta ga sabuwar na'ura.

Na ce, "Malam, don Allah rufe ta ka sake buɗewa." Ya yi. Sautin ya sake ɗaukewa, a tsakiyar kiɗa, inda babu sunan kowa.

Muddin waya na kulle, caji kawai take sha. Da zarar an buɗe ta, sai ta gabatar da kanta ga kwamfuta, ta kuma ƙara jan wuta, balle in an kunna kyamara. Akwatin da ke raba baki ɗaya da ita sai ya rasa wuta da hankalin kwamfuta na ɗan lokaci. Na roƙi Malam Sanusi ya nuna min bidiyon shaidar nan. Ya fara ne dab da baitin, kuma a gefen hoton ga farin kebul yana lilo. Alhaji ya san waƙar tun yana yaro. Duk lokacin da ya ji an kusa kiran mahaifinsa, sai ya ɗauki waya don ya ɗauka ya tura wa ƙannensa.

Malam Sanusi ya zauna ya riƙe haɓa. "To wa zai gaya wa Alhaji cewa hannunsa ne? A gaban mutane?"

Na ce, "Ba sai an gaya masa ba, Malam. Ka dai kira Yaya Bello ya zo, ka kuma ara min wayarka gobe."

Washegari Alhaji ya zo tare da Baba Iro. Da ya ga Yaya Bello a bakin ƙofa, fuskarsa ta haɗe. Ya miƙo min waya kamar kullum. Na karɓa da hannu biyu na ce, "Baba Alhaji, yau bari in sa maka ita a bango, ta fi saurin cika. Kafin mu shiga waƙarka kuma, akwai abin da nake so a gani."

Na kunna wata tallar takin zamani da muka yi, wadda ba ta shafi kowa ba. Na jona wayar Malam Sanusi a mahaɗi na ce ya buɗe ta kamar zai ɗauki bidiyo. Sautin ya ɗauke. Na ce ya sake. Sautin ya ƙara ɗaukewa. Ban kalli Alhaji ba. Amma na ji lokacin da ya daina kaɗa carbinsa.

Baba Iro ya yi dariya ya ce, "Ni dai na san na kira Tanko. Na ce in bai amsa ba, ku tambayi injinku. Ashe injin ma baƙi ka shiga bakinai yana magana."

Na zare wayar na kunna waƙar. Ganga ta taso, sunaye suka wuce, Baba Iro na cikin sifika ya ja numfashi:

"Ina mijin Hurera, Tanko, wanda rana ka iske gona."

Ya fito cikakke, har da ɗan rawar da muryar ta yi a ƙarshen sunan. Alhaji ya sunkuyar da kai. Wannan karon bai miƙe ba, don haka ya ji baitin da ke biye, wanda rigimar gona ta mantar da shi, fushi kuma ya hana shi ji a zuwansa na baya:

"Ina Garba Dogo, ku biyu iyaka guda, gorar ruwa guda."

Yaya Bello ya san da baitin, shi ya tace shi, shi ya ɗaga muryar a wurin don kada ganga ta danne sunayen biyu. Bai taɓa faɗa ba.

Da waƙar ta ƙare, Alhaji ya ɗago kai. Bai ba da haƙuri ba, ban kuma ji an ce rigimar gonar ta ƙare ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ɗiyata, tashi ki ba shi kujerarshi." Sannan ya dubi bakin ƙofa. "Jikan Garba, taho ka maido man wurin nan. Kuma ka riƙe man wayag ga ka ɗauka, daga tsohona har naka. Akwai waɗanda na tura wa na farko, su za ni tura wa wanga."

A makon nan aka kafa soket ɗin da kuke gani, aka kuma ba akwatin sauti bakinsa shi kaɗai. Abin da na koya shi ne, na'ura ba ta san gidan kowa ba, amma mutanen da ke zaune gabanta sun sani, kuma idan sauti ya ɗauke, kowa abin da ke ransa yake cika gurbin da shi. Don haka idan matsala ta ƙi fitowa sai a gaban mutum guda, kafin ku duba zuciyar abokin aikinku, ku duba abin da ya canza a kan tebur. Kuma ku ba baƙo caji, kada ku hana shi. A bango dai.