Ranar da Aka Rantsar da Ni kan Katekis

Da Fada, limaminmu, ya sanar a coci cewa Bishop zai turo masu bincike kan rayuwar marigayi katekis ɗinmu, malamin da ya koya mana addini a ƙauyenmu na wajen Farfaru, don a ga ko za a sa shi cikin tsarkaka, mata suka rangaɗa guɗa. Ni kuwa ban taya su murna ba.

Fada ya ce ba a sa mutum cikin tsarkaka don kawai jama'a na ƙaunarsa. Sai an kira waɗanda suka zauna da shi ɗaya bayan ɗaya, an rantsar da su, an rubuta alherinsa da aibinsa, a liƙe takardun a aika Roma wajen Paparoma. A cikin masu zuwa ma akwai wanda aikinsa shi ne tono laifi.

Laifi ɗaya aka sani na katekis: an taɓa kama shi da shinkafar fasa-ƙwauri a ɗakin ajiyar coci. Shinkafar tawa ce. Lokacin ina shigo da ita a babur daga tsallaken iyaka ta hanyar gonaki, makullin ɗakin kuma yana hannuna saboda ni ke gyara kujerun coci. Da jami'an kan iyaka suka zo, ina tsaye cikin jama'a aka tafi da shi ofishinsu na Magama. Ya dube ni sau ɗaya. Ya yi kwanaki a tsare, ya dawo, har ya rasu bai ambaci sunana ba. Ni ma ban ambata ba.

Satin da za a kira ni, tuwo ya ƙi wucewa. Matata ta ce, "Maigida, shaida aka ce ka bayar, ba haƙori za a cire maka ba."

Aka zaunar da ni a ajin makaranta da hantsi, gaban limamai uku. Na ɗora hannu kan Littafi Mai Tsarki, na rantse. Suka yi tambaya kan addu'arsa da yadda yake duba marasa lafiya, na amsa. Sai mai tono laifin ya buɗe wata takarda.

"Baba, wannan zancen shinkafa fa? In ya tabbata tasa ce, da wuya maganarsa ta wuce nan."

Na tuna jikokina da za su ji. Na tuna kujerar dattawa da nake zama a coci. Har na ji tsoron ko za a kama ni da furfurata. Amma abin da ya fi razana ni shi ne in mutu da rantsuwar ƙarya a bakina.

Na ce, "Fada, tawa ce."

Bai yi mini faɗa ba. Ya ce in fara daga farko, a hankali, don mai rubutu ya samu. Da na gama aka karanta mini, na sa hannu. Suka ce maganar sirri ce, ba za ta fita ba.

Matar marigayin na zaune a ƙofa tana jiran a kira ta. Na durƙusa na faɗa mata da bakina.

"Ashe kai ne," ta ce. "Ko ni bai gaya wa ba."

Aka kira ta, ta miƙe ta shiga. Har yau ban san abin da ta faɗa musu a kaina ba.