Robinen da Baba Ya Sayo a Magarya

Ranar wata Laraba, bayan girbin shekarar da nake aji biyar, Baba ya dawo daga Magarya a bayan moto, wato babur, ya kwance ƙullin tsumma ya fito da robine, wato kan famfo, mai jan hannu, yana murmushi kamar wanda ya sayo doki. A lokacin gazuwal, man injin niƙa, ya gagare mu, shi ya sa ya haɗa wata ganga da yake turara ɓawon gyaɗa a ciki, iskar da ke fita ta bi tiyon ƙarfe ta tuƙa injin niƙanmu a Bande. Iskar nan zafi gare ta, ko yawu ka tofa a kan tiyon nan take yake ƙafewa. Abin da ya rage masa shi ne makullin da zai datse ta in an tashi aiki. Da guntun kara ya auna bakin tiyon ya tafi kasuwa, zancen zafi bai zo masa ba.

Ni kaɗai ce 'yar lakwal mai iya karatun boko a gidan, sai ya miƙo mini kwalin robinen ya ce in duba. Na karanta a zuci: na ruwan sanyi ne, cikinsa roba. Na ɗaga kai na ga mata masu jiran niƙa sun zuba masa ido, ƙoren gero a gabansu. Kunya da tsoro suka rufe ni. In ƙaryata ubana a bainar jama'a? Na ce, "Mai kyau ne, Baba."

Ya ɗaura shi a bakin tiyon. Kwana biyu ina ɗebo ruwa, ina ɓarar wake, kunnena yana wajen injin, ko 'yar gala-gala na kasa yi. A rana ta uku warin ƙonanniyar roba ya cika rumfar injin. Baba ya murɗa jan hannun har ƙarshe, iskar ba ta tsaya ba, wuta shuɗiya ta fara lasar zana. Ya daka wa mata tsawa su fita, ya cusa jiƙaƙƙen buhu a bakin ganga, ya danne da hannu har ta mutu. Yatsunsa uku na dama ba su sake miƙewa ba.

Yau ni ke zaɓar irin waɗannan makullai a wurin aikina, kuma zafin nake fara tambaya kafin faɗin baki, a rubuce. Injin da rumfar duk babu su. Har Baba ya koma ga Allah yakan ɗaga hannun ya yi dariya ya ce, "Matambayi ba ya ɓata, ni ne ban tambaya ba." Ban taɓa gyara masa ba. Ya tambaya kuwa, ni ya tambaya.