Ƙayar Beguwa a Ƙoƙon Inna

A farkon shekarun dubu biyu ƙanin mijina ya dawo daga kwas ɗin noman rani a Kanada, ya kawo wa surukata tsarabar da ta hana ni sakat. Wani ɗan akwati ne na ɓawon itace, bai fi tafin hannu ba, murfinsa duk zanen fure. Ya ce matan wata ƙabila da ake kira Anishinabe ke yin irinsa, kuma zanen nan ba zare ba ne, ƙayar beguwa ce aka rina.

To ni fa a ƙauyenmu na gefen Bunkure da saƙar faifai aka san ni. Inna, wato surukar tawa, ba ta taɓa yin baƙuwa ba ta ɗauko faifan da na saƙa mata ta nuna ba. Daga ranar nan sai ta juye goronta cikin akwatin, shi ake miƙa wa baƙi su sha kallo. Faifaina kuwa ya koma rufe ƙwaryar fura.

"Matar Yaya," in ji ɗan bokon nan yana dariya, "kin ga inda hannu yake? Ku dai sai kaba."

Wallahi har cikin raina na ji. Na ce, "Beguwa dai ko? Wadda ke cinye mana dankali? Zauna ka gani."

Da ma maigidana ya kafa mata tarko a gonarmu ta bakin kanal ɗin ruwan noman rani. Da ta faɗa, kowa na zancen nama, ni kuwa ƙayar na tattare. Nan na yi wauta. Na ɗauka beguwa duk beguwa ce, ashe tasu ƙayar siririya ce kamar allura, tamu kuwa tsinken tsire sak. Na ɓamɓaro ɓawon darbejiya, ya tsage. Na lanƙwasa ƙaya, ta karye, wata ta shige min ɗan yatsa. Kwana huɗu ina wannan fama. Haushi ya ɗebe ni, na kwashe ƙayar na watsa a tukunyar karan dafin da nake rina kaba, ruwan da zafinsa, na yi tafiyata tankaɗe.

Da la'asar na zo zubar da ruwan. Ikon Allah! Ƙayar ta yi ja jawur, ta yi laushi, ina murɗa ta tana bin hannuna. Na sa reza na tsattsaga ta siri-siri. Ɓawon itace kuwa na haƙura da shi. Na samo ɗan ƙoƙo mai murfi, na gasa basilla na huhhuda shi, na riƙa zura ƙayar ina lanƙwasa bakinta ta ciki. Ban yi furensu ba, don ban san shi ba. Zangarniyar shinkafa na yi, da layin kanal ya kewaye ta. Mako uku ya ci ni.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, gida cike, na durƙusa na ajiye shi gaban Inna. Ta juya shi, ta sake juyawa, ta kankara da farce. Sai ta jawo akwatin Kanada, ta buɗe, ta juye goron kaf cikin ƙoƙona.

Ƙanin mijina ya cire hula. "Matar Yaya, na sallama."

"Mayar da hularka," na ce, "rana za ta dafa bokon."

Aka kwashe da dariya. Daɗi kamar in tashi in taka rawa, kunyar Inna ce kawai ta riƙe ni. Ita kuwa sai ta miƙo min akwatin da ta zazzage.

"Ungo, 'yar nan. Duk gidan nan ke kaɗai kika san wahalar da wadda ta yi shi ta sha."

Na karɓa da hannu biyu, yatsana har lokacin da tsumma a ɗaure. A ciki nake ajiye basillata har yau.