Ranar da Biba Ta Tsallake Ni

Ranar kasuwar Filingue ce, cikin bazarar shekarar da na shiga aji huɗu a lakwal, wato makarantar boko, soja na kan mulki. Ina dawowa daga rijiya da tulu a ka, fuka ta taso mini a bakin zaurenmu. Tulun ya fashe, na durƙushe ina kokawa da numfashi, ƙirjina na kuka irin na ɗan kyanwa. Wadda ta ɗaga ni ita ce Biba, wata mai sayar da tabarmi daga wajen Bonkoukou, da kan ajiye kayanta a zaurenmu duk mako. Ta zaunar da ni, ta sa yatsu tsakanin haƙarƙarina, tana dannawa a hankali in na fitar da numfashi, tana saki in na ja. Sannan ta tsoma gefen zanenta a randa ta ɗora mini a ƙeya da ƙirji. Jim kaɗan iska ta soma wucewa.

Kakata Iya ko sannu ba ta ce mata ba. A gidanmu sanyi shi ne abokin gaban mai fuka. Ruwan randa haramun ne gare ni, kunun kanwa sai da tururinsa, sa'annina na gaɗa a dandali, ni ina naɗe cikin zane biyu ina tsintar wake. To ga wata ta zo da ruwan sanyi! Kuma zamani ne da kowa ke auna bakinsa, baƙo ko gaisuwa ya tsawaita sai a ce aiko shi aka yi. Biba ta ce wurin mahaifinta mai ɗori ta koya, amma wa ya san shi? Duk kasuwa sai ta kira ni ta danna, ko goro ba ta karɓa. Iya na tsaye da muciya tana gunaguni: "Ruwa ba ya tsami banza. Mi taka biɗa ga ƙirjin ɗiyam mutane?" Ni ma na soma zarginta, don tafin hannunta sanyi ƙalau, kuma ƙirjina take kallo, ba fuskata ba.

Da damina ta sauka tabki ya cika, aka aike ni kai fura gona. A hanyar dawowa na faɗa ruwa tare da ƙawayena, muka yi ta iyo har haƙorana suka soma kaɗawa. Washegari zazzaɓi da fuka suka haɗu mini. Matan gida suka kewaye ni, Iya ta sunkuyo ta ce, "Wa kika gani? Hwaɗi sunanta!" Haka ake tambayar wanda ake zaton maye ya kama. In na ambaci tabki, na san bulalar da ke jirana. Sai na ce Biba.

Ranar kasuwa aka tare ta a tsakar gida, aka shimfiɗe ni a ƙasa, aka ce ta tsallake ni ta saki kurwata. Ba ta yi rantsuwa ba, ba ta yi kuka ba. Ta tattare zane ta tsallake sau uku, sannan ta dubi Iya ta ce, "Inna, in fukar ta taso mata ku zamnad da ita, kar ku lulluɓe ta." Ta ɗaure tabarminta ta fita. Bayan 'yan kwanaki zazzaɓin ya sake ni, wannan kuwa ya zama shaida a kanta. Ba wanda ya ƙara taya tabarmarta, daga baya ta daina zuwa.

Yau jikata ce ke fama da fuka. A Yamai wata mai farar riga ke danna mata haƙarƙari, daidai inda Biba ke sa yatsu, muna bin layi muna godiya. Ban sani ba ko hannun Biba magani ne, don fukata na nan har gobe, zargin da nake mata ma bai bar ni ba. Amma duk wanda na ji daga Bonkoukou yake sai na tambaye shi wata mai tabarma, kuma ba a taɓa gane wadda nake nufi ba. Iya ta rasu tana ganin ta ceci raina. A gidanmu ni kaɗai na san tabki na shiga.